In gyara Honda ɗina ko in sayar in cika kuɗi in ɗauki Corolla?

TAMBAYA: Assalamu alaikum oga, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne a nan Samaru, Zariya, ina da Honda Accord EOD 2004 mai silinda huɗu, otomatik, shekara shida kenan tana hannuna. Tun bayan azumi ta fara min zafi, musamman in na shiga cunkoso a PZ ko Kwangila, kullum sai na ƙara ruwa, giya kuma tana fizga in za ta shiga ta biyu, ga wata ƙara a ƙafar gaba. Makanikina yace sai dai a sauke inji a sa wani. Ana cikin haka sai wani dillali ya turo min hoton Corolla 2007 ta WhatsApp, yace Beljiyam ce tana Legas, kuɗinta ya gaza na kasuwa da sama da miliyan ɗaya, amma takardun kwastan sai daga baya za su biyo, yace in tura dubu 500 kafin alƙalami a ɗoro ta. Dan Allah in gyara tawa ne ko in sayar in cika in ɗauki waccan? Kuma in zan sayar, dole ne sai na faɗi matsalolinta?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara daraja. Kafin komai, dan girman Allah kar ka tura dubu 500 ɗin nan. Ko sisi. Wannan shi ake kira cinikin biri a sama, mota tana Legas kai kana Samaru, abin da ka gani hoto ne kawai wanda ma ba ka san ko na motar ne ko a Facebook aka ɗebo shi ba, sannan babbar takarda da ke riƙe da mota ance maka sai daga baya. Zan dawo kan wannan, amma bari mu fara da wadda take ƙofar gidanka, don a ganina can ne aka fara yi maka gaggawa.

Ni abin da ya tsaya min a rai a saƙonka shi ne maganar a sauke inji. Wane gwaji aka yi kafin a yanke wannan hukuncin? Shekaruna sama da 20 ina kanikanci a garin nan, kuma wallahi injinan da na ga an sauke ba da haƙƙinsu ba sun fi waɗanda suka mutu da gaske yawa. Zafi a cunkoso da zafi a babban titi ba abu ɗaya ba ne. Ka ce tana maka ne a PZ da Kwangila, wato lokacin da motar take tsaye ko tana jan ciki, iska ba ta dukan lagireto, komai ya koma kan fanka. Toh mutum na farko da za a tuhuma fanka ce: tana tashi a kan lokaci? Duka biyun suna juyawa in an kunna esi? Rile da fis ɗinta lafiya? In da a hanyar Kaduna take zafi kana gudun 100, sai mu fi zargin lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji. Sai murfin lagireto, ɗan ƙaramin abu da mutane suka raina, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa, robarsa na mutuwa ruwa zai riƙa gudu ta ƙaramin tanki, kai kuma kullum kana ƙari kana cewa mota na shan ruwa. Akwai wani bawan Allah da ya zo min da irin motarka sak daga Tudun Wada, har ya karɓi bashi zai tafi Ƙofar Ruwa a Kano ɗauko inji, muka ce ya bari ta kwana. Da safe muka duba, rilen fanka ya ƙone, murfin lagireto robarsa ta tsage kamar busasshen ganda, ga tiyo ɗaya yana tsiyaya ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Abin da ya kashe bai kai kuɗin tayoyi biyu ba, yau shekara uku yana hawan abarsa.

Ban ce lallai taka ma haka take ba, don in mota ta daɗe tana zafi ana ci gaba da tuƙa ta, gasket na iya ƙonewa, top, wato kan inji da ke rufe silinda, ya lanƙwashe. Amma shi ma wannan akwai yadda ake gane shi, kai da kanka za ka iya fara dubawa. Da sassafe kafin a tayar da ita, injin na sanyi ƙalau, buɗe murfin lagireto ka cika ruwa, sa wani ya tayar, ka tsaya kana kallo. In ka ga kumfa na tasowa ɓul-ɓul ba ƙaƙƙautawa, iskar silinda ce ke shiga hanyar ruwa. Buɗe murfin baƙin mai ka juya shi, ka zaro geji, in man ya koma kalar shayi mai madara toh ruwa ya haɗu da mai. Ka koma baya ka kalli salansa bayan injin ya ɗau zafi, farin hayaki mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne ke ƙonewa, shuɗi baƙin mai ne, wato rin ko sil, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Gargaɗi ɗaya, kar ka kuskura ka buɗe lagireto da zafi, na ga yaron gareji da fatar hannunsa ta saɓule saboda haka. Bayan wannan sai a sa ma'aunin kwamfireshan a kowace silinda. Ko da gasket ɗin ne, aikin top ne, a kai shi a goge a sa sabon gasket mai kyau, ba sauke inji ba. Injin K24 da ke cikin EOD mai silinda huɗu inji ne mai jimiri, sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, ba ya mutuwa da sauƙi. Kuma shi injin Beljiyam ɗin da za a sa maka, wa ya san tarihinsa? Shi ma tsoho ne, an dai wanke shi da fetur ya yi ƙyalli.

Giya. Kafin a ce giyabos ya tafi, a duba injin-sit, robobin nan da inji ke zaune a kai, in sun fashe duk canjin giya sai ka ji kamar an bugi motar ta baya. Sannan wane man giya ake zuba maka? Nan ne ake kashe Honda a ƙasar nan. Ita ba ta son kowane jan mai, nata Z1 ne a da, yanzu DW-1 ya maye gurbinsa, amma sai ka ga an ɗauko duk wanda ke kusa a shago an ɗura. Kuma ita Honda ana auna man giyarta ne bayan ta ɗau zafi an kashe inji, saɓanin Toyota da ake aunawa inji na aiki, da yawan yaranmu ba su san wannan bambancin ba. Zaro gejin ka goga a farar takarda ka shinshina. Ja ko ruwan ƙasa-ƙasa ba wari, akwai fata. Baƙi mai warin ƙuna, faranti sun fara ci. In akwai fata, a tsiyaye a zuba na asali, kusan lita 3 ke fita a lokaci ɗaya, ka hau kwana biyu a sake, har sau uku. Kar ka yarda a sa mata injin wanko da matsi. A sa kwamfuta kuma a ga ko solonoyid ne ko suwic.

Ƙarar ƙafar nan kuwa ita ce ta fi tayar min da hankali, ta fi zafin da giyar. Kowa ya san halin EOD da DC, wato Accord ɗin da ta biyo bayanta, na cire ƙafa, boljoyin na ƙasa ne ke ballewa taya ta kwanta. In a kwana ne a hankali, da sauƙi. In a hanyar Shika ne kana gudu da iyali a ciki fa? Gobe-goben nan a ɗaga ta a jak a girgiza tayar, in akwai wasa ko robar ta yage a canja duka biyun, kuma ka sayi mai kyau ko da ya ninka kuɗi. Ko sayarwa za ka yi, wannan kam gyara shi.

Toh kaga yanzu lissafi ya fito. In bincike ya nuna fanka ce da lagireto da man giya da ƙafa, riƙe motarka Malam. Ka san ta shekara shida, ka san takardunta, ka san inda take ciwo. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, don da dala ake sayowa kuma da farashin dala kwastan ke lissafin haraji, abin da za ka cika ka ɗauki Corolla zai gyara Hondarka sau nawa. Amma in ya tabbata top ya lalace, giya ta ƙone, ga bodi ya ruɓe, har kuɗin gyara ya doshi rabin abin da za a saye ta, nan kam ni ma zan ce ka rabu da ita. Kuma ban musa ba Corolla ta fi sauƙin sha'ani, injin 1.8 ne, ta fi EOD ɗinka tsimin mai, kayanta ko a Sabon Gari ka samu, balle Panteka a Kaduna, in ka tashi sayarwa ba ta kwana. Abin da nake gudar maka kawai kar a yi tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Mu dawo kan ta Legas. Takardar kwastan ba ta biyo mota a baya, gaba take shiga. Motar da ta fito ta tashar ruwa, Tin Can ko PTML, ba ta ƙetare ƙofa sai an biya haraji an ba ta takardar fita. In aka ce maka babu a hannu, ɗayan uku ne: ko ta daji aka shigo da ita daga Kwatano, ko an biya rabi an yi cuwa-cuwa, ko kuma motar ma babu ita. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta sa dokar hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, shi ya sa da an ce maka 'yar Kwatano ce sai ka ninka bincike. A 2022 kuma kwastan suka koma ƙiyasta haraji da lambar shasi, wanda ya sa rage shekarun mota a takarda ya yi wuya. Miliyan ɗayan da kake ganin ka samu sauƙi, kuɗin kwastan ne da ba a biya ba, kuma kai za ka biya shi wata rana, ko a hanyar Kaduna ko ta Kano, a sauke ka da iyali a gefen titi a tafi da mota. Ko ka yi mata lamba ba ta tsira ba, lamba ba ta wanke haraji. A 2024 ma sai da suka ba da wa'adin kwana 90 masu irin waɗannan motocin su je su biya, ka ga kenan ba mantawa suke yi ba. Araha ba ta ado Malam.

In kana son ka gwada dillalin, cikin ruwan sanyi ce masa ya turo lambar shasi da hoton takardar SGD, wato takardar kwastan ta shigo da kaya, inda lambar rajistarta mai farawa da C take da kwanan wata da tashar da aka biya. Da waɗannan za ka iya zuwa ofishin kwastan a Kaduna a duba maka ko na gaske ne kuma an biya cikakke. Mai gaskiya minti biyar ya turo. Maƙaryaci zai fara cewa akwai wani Alhaji da ke son ta yau-yau, in ba ka yi sauri ba ta wuce ka. Bar wa Alhajin.

Ita kanta lambar shasin tana magana in ka iya karanta ta. Guda 17 ce, haruffa da lambobi, babu I babu O babu Q a ciki. Ta farko ƙasar da aka ƙera ta, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan. Ta goma ita ce shekara, 7 na nufin 2007, 5 na nufin 2005, daga 2010 aka koma harafi, A sannan B haka. Wannan yana da amfani sosai saboda yanzu ana yi wa mota kwaskwarima, a canja fitilu da bamba a ce maka 2013 ce alhali 2009 ce, a Camry da Corolla an fi yi. Duba lambar a ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, duba ta jikin ginshiƙin ƙofa, duba ta takarda, dole su zama ɗaya harafi da harafi. In ka ga alamar an kankare ko an yi walda a wurin, juya kawai ka tafi, ba ruwanka da bayani. Kuma ka sa wani yaro mai waya ya buga lambar a intanet ko a ciro rahoton Carfax mai nuna tarihin mota, domin mafi yawan abin da muke kira Beljiyam yanzu daga Amurka da Kanada suke zuwa, da yawansu daga gwanjon Copart da IAA inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Sau da yawa hoton motar ranar gwanjo zai fito maka, ka ganta da gaba a murƙushe. Ba kowace mai haɗari ce abar gudu ba, wadda bamba da fitila kawai ta rasa ba komai, amma ka sani ka saya a kan kuɗinta, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wadda nake tsoro ita ce ta ruwa. Bara wani ɗan kasuwa ya kawo min Camry Muscle, baƙa wul tana sheƙi, ciki sai ƙamshin turare, yace kawai in canja mata mai zai tafi Funtuwa. Ƙamshin ne ya yi min yawa. Na jawo bel ɗin direba har ƙarshensa, sai ga layi ruwan ƙasa a jiki kamar inda ruwan kogi ya tsaya a bango. Na tura kujera baya na haska tocila, ƙarafan da take gudu a kai duk tsatsa. Muka ɗaga kafet ɗin but muka cire safaya, busasshen laka ne a ƙasa har da ɗan tsinken ciyawa. Mutumin nan ya zauna a kan benci ya yi shiru ya fi minti goma. Wata uku ba a yi ba birenbos, wato kwamfutar motar, ya tafi, sai gilasan ƙofa, sai fitilu su riƙa kunna kansu da dare, har yau yana hannun rewaya. Motar ruwa ba ta warkewa, tsatsa na cin wayoyinta ne daga ciki a hankali.

Saboda haka duk motar da za ka saya, Beljiyam ko ta hannu, a Zariya ko Kaduna ko Kano, ka je da ƙafarka da makanikinka, wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku je da safe ku same ta a sanyi, taɓa inji da hannu, in ka ji ɗumi an riga ku tayarwa ne don a ɓoye ƙarar farko ko hayaƙi. Kar ka duba mota da magariba ko a cikin ruwan sama, kowace mota kyakkyawa ce a lokacin. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba ka ƙirga fitilun dashbod, ta cek injin da ta eyabag da ta burkin ABS in motar tana da shi dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar, in ɗaya ba ta kama ba sam an cire ƙwanta ne ko an liƙe. A sa kwamfuta, duk motar Amurka daga 1996 tana da wurin sawa a ƙasan sitiyari, kuma ko ba a ga matsala ba makanikin ya duba ko kwanan nan aka goge, na'urar tana nunawa. Tafi da ɗan mayen ƙarfe ka nannaɗe shi a ƙyalle ka bi ƙofofi da fenda, inda ya ƙi kamawa fila ce fanel bita ya cika. Dubi kan notocin bonet da fenda ko sufana ta taɓa su, leƙa ƙafafun shasi ta gaba ko akwai walda ko lanƙwasa. A leƙa ƙasa a ga ko indomi na nan, abin nan na cikin salansa mai tace hayaƙi, don ana sare shi a sayar tun kafin mota ta bar Legas. Maileji kuma kar ka ba shi gaskiya, ana mayar da shi baya kamar agogo, kalli robar burki da sitiyari da kujerar direba su za su faɗa maka gaskiya, kuma ka tuna na Amurka mil ne, mil 1 kilomita 1.6 ne. Taya ma tana da ranar haihuwa, lambobi huɗu a gefe, 2319 na nufin sati na 23 a 2019.

Gwajin tuƙi kuma ba zagaye layi ɗaya ba ne. Kunna esi, ɗauko ta daga Kwangila ka bi ta Samaru ka ji yadda ƙafa ke amsa tudun rage gudu, wuce har Shika ta samu ta shiga duk giyoyinta, saki sitiyari kaɗan a inda titi ya miƙe ka ga ko tana ja gefe, taka burki da ƙarfi sau ɗaya. Da kun dawo kar a kashe, a bar ta tsaye minti 15 da esi kana kallon allurar zafi, sannan ka leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga. Mai motar da ya hana ka wannan akwai abin da yake ɓoyewa, in ma mai ne matsalar kai ka zuba.

In ta hannu ce wadda aka riga aka yi wa lamba, nan kuma tsoron motar sata ne. Sunan da ke takarda ya zama na wanda ke sayarwa, ka ga katinsa na ɗan ƙasa, ka san gidansa ko shagonsa, kuɗi kuma ka tura asusun da ke ɗauke da wannan sunan, ba na ƙaninsa ko yaronsa ba. In an ce ta wuce hannu biyu ko uku, a nuna maka takardar cinikin kowane hannu. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi da ta inji, shaidu biyu kowane ɓangare. Dillali kuma ku yi maganar la'adarsa tun farko a fili, sana'a ce halal kuma akwai mutanen kirki a cikinta sosai, matsalar ita ce in suka yi sarƙa mutum huɗu kowa ya ɗora nasa kai ba ka taɓa ganin mai motar ba. Ka nemi a haɗa ka da shi ko a waya ne.

Wani abu da malamai 'yan'uwanka ke yawan yi, su tattara duk abin da ke hannu har da na adashi su zuba a kuɗin mota, ranar da ta iso ko na mai babu. Ware wani abu, ni nakan ce kashi 10 cikin 100 aƙalla. Baƙin mai da filta, 5W-30 Corolla ɗin nan take so ba mai kaurin nan da ake zuba wa kowace mota ba, man giya T-IV, fulogi, batir, wataƙila tayoyi, ga rajista da lamba, ga inshora wadda tun Janairun 2023 ta koma dubu 15 daga dubu 5, kuma ka yi ta gaske don ta bogi ba ta fitowa in 'yan sanda ko 'yan Kastiliya, jami'an kula da hanya na jihar Kaduna, suka duba. Kuma dan Allah in ta zo kar ka bari a cire mata tamostat a haɗa fanka dayarek wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai kuma ya fi saurin ci. Ruwan rijiya ko na burtsatse shi ma a daina ɗura shi a lagireto, shi ke toshe shi da tsatsa da gishiri, kulan za ka saya, ruwan lagireto na musamman, ba mamaki ma shi ne asalin ciwon Hondarka.

Tambayarka ta ƙarshe, ko dole ne ka faɗi aibinta. Eh Malam, dole ne, kai ma ka fi ni sani, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, hadisin na cikin Muslim. Ni an sha kawo min mota a ce oga zuba mata mai kauri ka goge fitila gobe za a zo gani, ba na yi, kuma na rasa kwastomomi a kan haka. Ka yi tunanin wanda zai saya, wataƙila shi ma ma'aikaci ne da ya yi shekara uku yana tari, ya ɗauki 'ya'yansa ƙafa ta cire musu a Dan Magaji. Kuma Zariya ƙaramin gari ne, za ku haɗu a masallaci ko wurin ɗaurin aure. Faɗin gaskiya ba ya nufin ka yi asara, gyara ƙananan abubuwan da ke firgita mai saye, ƙafa da fanka da wanki mai kyau, sauran ka ce ga su ga su, ka nuna rasit ɗin gyaran da ka yi, ka sa kuɗinta daidai. Akwai masu neman irin ta da saninsu, makanikai ma na saye su gyara. In an taya ba ta yi maka ba ka ce albarka, ba gaggawa kake ba tunda tana tafiya.

Ranar ciniki kar ka ba kowa makulli ya tafi gwaji shi kaɗai, shiga ka zauna, ka tafi da wani. Kar ka yarda da alat na saƙon waya ko hoton rasit, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, ja ya faɗo ja ya ɗauka. Riƙe kwafin yarjejeniya da na katin mai saye, kuma ka matsa a yi canjin mallaka a ofishin rajista, don muddin sunanka ne a kan lambar, duk abin da aka aikata da motar ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Yanzu dai abin yi, kai ta garejin da ke da kwamfuta da ma'aunin kwamfireshan da yamma, ta kwana a can, da safe a tayar da ita a gabanka a yi gwaje-gwajen nan, ka sa a rubuta maka sakamakon kowace silinda da kuɗin kowane gyara daban-daban. Kafin nan ka rage zirga-zirga da ita, ka ajiye galan ɗin ruwa a but, allura na wuce rabi ka faka ka kashe. In ka samu lambobin turo min su tare da kalar man giyar, sai mu san ko gyara ne ko kasuwa.